Ku riƙa leƙa robar shaf kafin ta ja muku asara

'Yan uwa masu mota, duk ranar da za ku canza baƙin mai, ku duba robar shaf, wato robar da ke rufe kan ƙarfen da ke juya tayar gaba.

Murɗa sitiyari har ƙarshe, ka durƙusa ka leƙa bayan tayar gaba. In ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim, to robar ta yage.

Ita ce ke riƙe giris a kan shaf, ta hana yashi da ruwa shiga. Da zarar ta tsage, giris ya tsiyaye, ƙura ta samu hanya, ta dinga cin ƙarfen a hankali. Da damina abin ya fi muni.

In ka lura da wuri, aikin ba shi da tsada. Makanike ya wanke kan shaf ɗin tas, ya cika shi da sabon giris, ya sa sabuwar roba. Ka tsaya a kansa ya ɗaure da kilif, kada ka yarda da waya. Ni waya aka ɗaura mini, ba a daɗe ba ta yanke robar.

Amma in motar ta fara ƙas-ƙas-ƙas duk sanda ka sha kwana, roba ba za ta yi magani ba. Sai dai a canza kan shaf.