Yaushe mai tambari zai iya karɓar gidan abincin wakilinsa na ɗan lokaci?

Gana ba ta da doka ta musamman a kan hayar tambarin kasuwanci. Tsakanin kamfanin da ya ba da sunansa da wakilin da ya buɗe gidan abinci da sunan a Adum ko Aboabo da ke Kumasi, yarjejeniyar da suka sa wa hannu ita ce alƙali. In ba a rubuta wa mai tambari ikon shiga ya riƙe shago ba, to ba shi da shi, ko da bashi ya kai wata shida. Wanda ya zo da kafinta ya canja kwaɗo babu wannan sharaɗi, dukiyar wani ya shiga, kuma kotu na iya sa shi biyan diyya.

Dalilan da suka isa a shiga ba su da yawa: wakili ya rufe shago ya ɓace, ko ya rasu, ko ciwo ya kwantar da shi babu mai riƙewa, ko kicin ya lalace har abinci ya zama haɗari ga mai ci. Jinkirin biyan kason tambari, wato kuɗin da wakili ke biyan mai tambari, na wata guda bai kai ba, a ganinmu, ko da takarda ta yarda. A rubuta kowane dalili da ma'auninsa, misali "shago a rufe kwana 5 a jere", domin kalma irin "sakaci" kowa zai ja ta inda ya ga dama.

Kafin shiga, a aika da takardar gargaɗi ta hanyar da yarjejeniya ta faɗa. Saƙon WhatsApp ba ya wadatarwa in an rubuta cewa wasiƙa za a kai adireshin kamfani. A faɗi laifin, a ba da wa'adin gyara, kwana 14 ko 30. Haɗarin lafiya kaɗai ya cancanci a gajarta wa'adin zuwa awa 24 ko 48.

Ranar shiga ita ce inda yawancin rigima ke tsirowa, don haka kada a yi ta da gaggawa. A zo da shaida wanda ba ya ɓangaren kowa. A ƙirga katon-katon na kaza da ke firiza, jarkokin mai, buhunan shinkafa da tukwanen gas, a ɗauki hoton kowace na'ura da lambarta, a rubuta abin da ya rage a mitar wutar lantarki ta ECG da kuɗin da ke cikin akwati. Kowa ya sa hannu. Daga ranar, ciniki ya riƙa shiga asusu na dabam, har da na MoMo, wato asusun kuɗi na waya, wanda sau da yawa yana kan layin wakili ko na ɗan'uwansa. Wata uku aka bari kuɗi suna cakuɗe, babu akantan da zai iya warware su. Tsarin biya kuma a jere yake: albashi, haya, haraji, masu kawo kaya, sannan ladan riƙon shago da bashin mai tambari. Abin da ya saura na wakili ne, don shagon bai tashi daga nasa ba.

Mai gidan da ake haya yakan zama ƙarfen ƙafa. Hayar da sunan wakili take, kuma in mai gida bai amince tun farko a rubuce ba, yana iya cewa an sa masa baƙo a gini. Haka lasisin kasuwanci na hukumar gari, kamar KMA ta birnin Kumasi, da takardar tsaftar abinci ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, sai a duba sunan wa ke kai da ranar ƙarewarsu.

Ma'aikata suna nan a matsayin na wakili, amma wanda ke riƙe da ciniki shi zai tabbatar an biya kuɗin fansho na SSNIT, kashi 13 cikin ɗari na albashi daga mai ɗaukar aiki, 5.5 daga ma'aikaci, zuwa 14 ga wata mai bi. Mai tambarin da ya fara kora da ɗauka yadda ya so, yana jawo wa kansa a ɗauke shi uban gidansu a ƙarƙashin Dokar Ƙwadago ta 2003.

In mai tambari na waje ne, a tabbata an yi wa yarjejeniyar rajista a GIPC, hukumar zuba jari ta Gana, bisa ƙa'idojin musayar fasaha na 1992, in ba haka ba fitar da ladan riƙo zuwa waje zai yi wuya a banki. In kuma kamfanin wakili ya shiga hannun mai ceto, wato wanda ake naɗawa ya riƙe kamfanin da bashi ya yi wa katutu, bisa Doka ta 1015 ta 2020, a dakata, a nemi lauya tukuna.

Riƙon ya kasance da iyaka a rubuce, misali kwana 90, da rahoton kuɗi kowane wata. Wa'adi na cika, ko a mayar da shago da sabon ƙidaya, ko a sayar wa wani wakili, ko a soke yarjejeniya ta hanyar da aka tsara. Wakilin da bai yarda ba zai iya neman Babbar Kotu ta dakatar da shigar, ko ya kai maganar gaban masu sasanci bisa Doka ta 798 ta 2010 in yarjejeniyar ta tanadi haka.