Yadda nake shimfiɗa tiyon winci a tsohuwar motar ɗaukar mota

A motar ɗaukar mota mai filato, winci, wato injin da ke jawo mota kan filato, yana zaune a gaban filaton, famfo da tankin man haidirolik kuma suna ƙasa jikin shasi. Da ka ja liba filato ya zame baya, winci ya bi shi kusan mita 3, tiyo biyun nan, na kai mai da na dawo da shi, dole su bi su dawo. Yawancin tiyon da ake kawo mini garaji a nan Tawa ba ƙarfin mai ne ya fasa su ba. Gugar ƙarfe ce ta cinye su, ko kuma filato ya datse su wajen komawa mazauninsa.

Kafin ka sa hannu, zame filaton har ƙarshe, ka tokare shi da gungume mai ƙwari, ka kashe mota, ka girgiza libobin gaba da baya don matsin da ya rage ya sauka. In kana neman inda mai ke yoyo, riƙe kwali kusa da tiyon, kada ka shafa da tafin hannu. Man da ke tsartuwa ta ƴar ƙaramar huda yana iya shiga cikin nama, kuma wannan aikin likitan fiɗa ne, ba na bandeji ba.

Sai awo, inda mutane suka fi yin ganganci. Mai mota zai ciro tsohon tiyo ya aika yaro da shi a yanko irinsa, alhali tsohon ma wani ne ya yanka da ka. Ni bututun ƙarfe nake bi da shi jikin firam ɗin da ke ɗaga filato har tsakiyar tafiyarsa, in ɗaure shi nan. Daga nan tiyo ya tashi, ya lanƙwasa kamar ƙugiya, ya koma ya kama filato. In an yi haka, tsawon da ake bukata shi ne rabin tafiyar da na lanƙwasar. Tafiyar mita 3 na cin tiyo mita 2 da ƴan kai. Ka bar masa ɗan sassauci, domin in mai ya cika shi da ƙarfi yakan iya gajarcewa har kashi 4 cikin 100, kuma in babu rara bakin ƙarfen da aka matse a ƙarshensa ne zai fizge.

Karanta rubutun jikin tiyo kafin ka biya. Mai rabin inci da aka rubuta 2SN, wato saƙar waya biyu, yana ɗaukar matsin mai har bar 275. Mai 1SN, saƙar waya ɗaya, bar 160 ne kawai, kuma da ido kusan ba ka bambanta su. Sai dai 2SN taurin kai gare shi: ba ya son lanƙwasar da faɗinta ya gaza santimita 36, ƙarƙashin tsohon filato kuwa sau da yawa babu wannan fili. Nan 2SC ya fi, shi ma saƙar waya biyu ne amma ya fi lanƙwasuwa. Duba kuma shekarar da aka yi shi. Ƙa'idar Jamus ta DIN 20066 ta ba tiyon da aka matse wa baki shekara 6 ne, har da zamansa a shago, to bare robar da ta sha ranar watan Afirilu a rumfar kwano. In za ka aika Yamai a matse maka baki, haɗa da tsohon bakin, saboda zaren baki iri-iri ne: na motar Amurka yawanci JIC ne, na ta Turai BSP ko na milimita. Sukan fara shiga juna da zare ɗaya ko biyu, sai a ɗauka daidai ne, a ƙarasa da ƙarfi a lalata zaren.

Wajen ɗaurewa sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya. Rubutun nan na jikin tiyo shi ne shaidarka: in ya tafi miƙe, lafiya, in ya murɗe, kwance ka sake. Kada ka ɗaure tiyon biyu da wayar ƙarfe, yanka take yi. In akwai kuɗi, sarƙar roba mai gaɓoɓi da ake zura tiyo ciki ta fi komai. In babu, kwata ta ƙarfe mai santsi ta wadatar, a goge duk tsinin walda, a naɗe wuraren guga da tsohon tub. In motarka mai fuli da sifirin da ke jan tiyo ce, tabbata fulin na juyawa, don ƙurar hunturu da giris sukan daskare shi, tiyo ya dinga jan ciki a kansa. Nesanta tiyon da salansar mota.

Daga nan kunna mota, sa yaro a liba, kai kuma tsuguna gefe da tocila, ba ƙarƙashi ba. A zame a hankali, a dawo, sau da yawa. Duba tanki ka cika. A zafinmu na fi son mai lamba 68 a kan 46. Bayan tafiya ɗaya a hanyar Abalak, sake leƙawa: duk inda robar ta yi sheƙi, nan take guga, sai ka matsar da maɗaurin.