Yadda nake gane matsewar jijiyoyi a gindin wuya

Wata mai kitso daga Jekadafari ta zo min a ɗakin gashin ƙashi nan Gombe, ta ce in ta ɗaga hannu tana aiki sai ƙaramin yatsanta da na kusa da shi su sage. An ce mata sanyi ne. Ni dai ban yarda ba.

Tsakanin ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙarin farko akwai wata 'yar ƙofa. Ta nan jijiyoyin hannu da magudanan jini ke bi. In ƙofar ta tsuke, saboda naman wuya ya ɗaure ko an haifi mutum da ƙarin haƙarƙari a wuya, sai hannu ya fara kuka. Galibi jijiyoyin ji ne ke matsuwa.

Ga abin da nake yi. Na ce, "Hajiya, ɗaga hannuwa daidai kafaɗa, lanƙwasa gwiwar hannu kamar wadda aka ce ta sallama. Ki riƙa dunƙulewa kina buɗewa minti 3." Gwajin Roos kenan. Ko minti ɗaya ba ta kai ba, hannun dama ya faɗo, alamar wataƙila ƙofar ta tsuke.

Sannan na dafa bugun jini a wuyan hannunta, ta juya kai ta ja numfashi ta riƙe. Wannan kam ba na dogara da shi, masu lafiya ma bugun kan ragu.

Hoton wuya ya biyo baya. Amma hannun da ya kumbura ya yi duhu farat ɗaya, asibiti a ranar, gudan jini ake tsoro.