Kurakuran da ke rusa tsofaffin soraye a Arewacin Kamaru

Zauren kakanmu a Marwa ya ga haihuwar babana, ya ga tawa, kuma da hannunmu muka kayar da shi. Baffana ya samu kuɗi, ya ce a shafe shi da siminti don a huta da yaɓe. A damina ta uku muka ƙwanƙwasa bangon, muka ji yana ƙara kamar ganga. Da aka ɓamɓare simintin, ƙasar ciki ta zama taɓo, gara ta cinye kan azara. Kafin kaka ɓangaren gabas ya zube.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Bangon ƙasa yana shan danshi, yana fitar da shi idan rana ta buɗe. Siminti kuwa yakan kulle danshin a ciki, ga shi ba ya kama laka, sai ruwa ya bi ta tsaga ya kwanta a baya. Maganin shi ne na iyaye: yaɓe da irin ƙasar da aka yi ginin, a cuɗa da ciyawa, a bi da makuba in ana samu. A share indararo kafin ruwan farko, a kuma gyara gindin bango yadda ruwa ba zai kwanta ba. Don Allah, a nemi tsohon magini tun yana da ƙarfin hawa tsani.

Wasu kuma suna zaton tsufa kaɗai ya isa a sa gini cikin kayan tarihin ƙasa. Kamaru tana da dokar kayan tarihi da al'adu ta 18 ga Afrilu 2013, kuma Ma'aikatar Fasaha da Al'adu ce ke riƙe da wannan aiki. Za a so jin wanda ya gina, abin da ya faru a wurin, da yawan abin da ya rage na asali. Wanda ya rushe rabin soro ya maye da bulo da kwano ya rage wa kansa hujja. Haƙuri ma wajibi ne: fadar Rey-Bouba da hasumiyar Gulfe sun yi shekaru suna jerin jiran UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy a tsaunukan Mandara kuwa sai a 2025 suka shiga jerin kayan tarihin duniya.

Sai maganar kuɗi. Mutane sukan rubuta takarda su ce a taimaka da miliyan kaza na sefa, ba hoto, ba awo. Masu ba da tallafi, irin gidauniyar ALIPH da ke Janeba, rahoto suke karantawa, kuma sun fi mu'amala da hukuma ko ƙungiya. A fara neman ɗan kuɗin binciken lafiyar ginin: masanin gine-gine da magini su zo tare, su auna tsaga, su duba azara ɗaya bayan ɗaya, su rubuta abin da ke gaggawa da farashinsa. Wannan, gudummawar dangi ko ofishin magajin gari na iya ɗauka.

Kafin a kai ga nan, magada su zauna su sa hannu a takarda ɗaya, domin ba mai zuba kuɗi a gidan da ake rigimar gado a kansa. A kuma ɗauki muryar dattawan unguwa a waya, su faɗi wanda ya kafa zauren da baƙin da suka sauka a ciki.