Shawara ga masu bidiyo da rubutu: ku sauƙaƙa wa masoyanku hanyar biya

Salam 'yan uwa. Ni nan Jos nake, bidiyon girki nake yi, kuma akwai abin da na so a ce wani ya faɗa min tun farko. Kafin ka buɗe shafin karɓar tallafi, fara duba su waye ke kallonka. Patreon, wani shafin karɓar tallafi, tun 2013 yake, tsarinsa masoyi ya riƙa biyanka wani abu duk wata, yana da kyau sosai idan kana da mabiya a Ingila ko Amurka ko Saudiyya, kuma za ka iya cire kuɗin ta Payoneer, wata hanyar karɓar kuɗi daga ƙasashen waje. Amma ni yawancin masu kallona matan Bukuru ne da Unguwar Rogo, wata hajiya ta rubuto min tana son ta ba ni dubu 2 saboda bidiyon gwate da na yi amma ba ta san yadda ake saka kati a shafi ba, wallahi abin ya taɓa ni. Shi ya sa na yi rajista a Selar, shafin sayar da kaya da karɓar kuɗi ne na 'yan Najeriya, ana biya da naira kuma kuɗin na shigowa asusun bankinka.

A YouTube kuma ku sani suna cire kashi 30 cikin 100 na Super Chat (kuɗin da mai kallo ke biya don saƙonsa ya fito fili lokacin da kake bidiyo kai tsaye) da kuɗin zama mamban tasharka, ku sa wannan a lissafi.

Sannan don Allah kar ku yi alƙawarin abin da ba za ku iya ba. Ni bidiyo ɗaya na musamman nake ba masu tallafa min duk ranar Asabar, ina kuma kiran sunayensu a ƙarshe, in sun yarda.