Yadda ake haɗa kan hukumomi don tallafa wa gidan da matsaloli suka yi wa katutu

Akwai gidan da matsalarsa ba ɗaya ba ce. Mai gida ya faɗa shaye-shaye, auta na fama da tamowa, yarinya 'yar shekara 12 ta bar makaranta ta koma talla, ga kuɗin haya ya taru. Asibiti kaɗai ba zai iya da wannan gida ba, haka makaranta, haka Hisba. Abin da aka saba gani shi ne kowa ya zo da tambayoyinsa, ya cike takardarsa ya tafi, uwargida ta maimaita labari sau biyar, daga baya a rasa wanda ya san inda aka kwana.

Aikin farko shi ne a ɗora gidan a hannun mutum ɗaya. Wanda ya fi dacewa shi ne jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, amma idan iyalin sun fi sakin jiki da ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, a bar mata. Wanda aka ɗora wa gidan shi ne mai riƙe fayil, shi ke kiran zama, lambarsa ce a hannun iyalin. Inda aka ce "mu duka ne", to babu kowa.

Ziyarar farko ta neman izini ce da saurare. A bi ta hannun mai unguwa, a gaisa da mai gida, sannan mace ta zauna da matan gida su kaɗai, domin akwai maganar da ba za ta fito a gaban miji ko suruka ba. A faɗa musu dalla-dalla wane bayani za a kai wa wace hukuma, a nemi amincewarsu. Wuri ɗaya ne ba a jiran izini: idan ran yaro ko mutuncinsa na cikin haɗari.

Kafin a yi maganar zama, a fitar da abin da ba ya jira. Yaro mai wata 6 zuwa 59 a auna dantsensa. Idan awon ya gaza santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ranar za a kai shi cibiyar kula da tamowa. Idan fyaɗe ne, maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, don haka asibiti ne farko, irin cibiyar Waraka a Kano ko cibiyoyin Salama a Kaduna masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, sannan 'yan sanda. Wannan ba maganar sulhu a zauren mai unguwa ba ce, kuma mai riƙe fayil ya faɗi haka tun wuri, ko da ran wasu zai ɓaci.

Sai zama. A gayyaci waɗanda ke da abin yi a gidan kawai: ma'aikacin lafiya, shugaban makaranta ko wakilin kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), wakilin Hisba ko limami, da jami'in hukumar zakka inda take, kamar Kano da Sakkwato. Mutum shida zuwa takwas sun isa, awa ɗaya ta isa. Iyalin su zo, su kuma fara magana. A tambaye su abin da ya fi hana su barci. Sau da yawa amsarsu ta bambanta da ta jami'ai, kuma shirin da bai taɓa wannan damuwa ba ba ya zuwa ko'ina.

A nan ne amfanin haɗuwar yake fitowa. Ma'aikacin lafiya zai ce yaron ba ya ƙara nauyi duk da abincin tamowa na leda da ake ba shi kowane mako. Sai a gano yayyensa ake raba wa, saboda babu tuwo a gidan. Shugaban makaranta zai ce a hana yarinya talla, alhali kuɗin tallar ne cefane. Kenan buhun hatsi ko ɗan jari ga uwa shi ne zai gyara maganar asibiti da ta makaranta gaba ɗaya, kuma shi ya kamata a sa a gaba. Hana talla ba tare da an maye gurbin kuɗin ba, mako biyu yarinya ta koma titi.

Kada shirin ya wuce abu uku a lokaci guda. Kowane a rubuta sunan mai yi da ranar gamawa. "Za a duba lamarin mai gida" ba aiki ba ne; aiki shi ne wane zai raka shi asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau ko na Kware, ko sashen ba da shawara na NDLEA, ranar kaza, kuma wa zai biya kuɗin mota. Rashin kuɗin motar nan shi ke yawan hana mutane zuwa inda aka tura su.

Takardar tura iyali wata hukuma a yi ta kwafi uku: ɗaya ga iyali, ɗaya ga inda aka tura su, ɗaya a fayil. Bayan kwana uku mai riƙe fayil ya buga waya ya ji ko sun je, kuma an karɓe su. A zauren WhatsApp na ma'aikata kuwa, lambar fayil ake sawa, ban da suna, ban da hoto, domin sirrin da ya fita unguwa yakan sa a rufe muku ƙofa.

A sake zama bayan mako biyu, daga nan duk wata. Idan an yi wa mai riƙe fayil canjin wurin aiki, ya kai magajinsa gidan da ƙafarsa ya gabatar da shi kafin ya tafi. Ana rufe fayil ne idan an sallami yaro daga cibiya, yarinya ta yi zango guda cur a aji, kuma uwa ta san ofishin da za ta je da kanta idan abu ya sake tasowa.