Ka sayi jirgin ruwa a Minnesota? Ga yadda ake shiga layin gangare

Duk wanda ya yi bazara ɗaya a Minnesota ya san yadda jihar take komawa daga watan Mayu. Ƙanƙara na narkewa a tafkuna sai ka ga motoci a kan titi kowace tana jan jirgin ruwa a bayanta. A lambar motarsu sun rubuta tafkuna 10,000, amma ƙidayar hukuma ta ce 11,842 ne, kuma jiragen da aka yi wa rajista sun haura 800,000. Ba sai mai kuɗi ba. Direban bas yana da nasa, malamin makaranta yana da nasa, kuma ba a daɗewa namu ma sai ka ji wani ya sayi na hannu a Facebook, ƙarami na alminiyam da injinsa da 'yar tirelar da ake ɗora shi a kai.

Sayen ba shi ne wahala ba. Tuƙin ma a kan ruwa ana koya cikin 'yan kwanaki. Inda sabon shiga yake jin jiki shi ne gangaren siminti da ake sauke jirgi a ruwa, domin nan ne kaɗai wurin da kowa yake jiran kowa.

Yawancin waɗannan wurare na gwamnati ne, da dama a hannun hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar da ake kira DNR, wasu kuma na gunduma ko na gari. Galibi kyauta ne, sai dai wasu da ke cikin wuraren shaƙatawa ana biyan kuɗin shiga ko na ajiye mota. Yawanci gangaren bai wuce faɗin mota ɗaya ko biyu ba. A safiyar Asabar a tafki irin Minnetonka ko Mille Lacs, motoci goma suna iya jeruwa a bayanka. Gangare kamar famfon unguwa ne da sassafe: ka tara bokitinka, ya cika, ka ɗauke ka ba na baya. Wanda ya saba, minti uku zuwa biyar ya gama. Saboda haka duk abin da za a iya yi a wani wuri, ba a kan gangare ake yin sa ba.

Kafin gangaren akwai fili a gefe da aka ware don shiri. Nan za ka tsaya. Nan za ka cire tamfol, ka kwance ɗamarun da suka ɗaure bayan jirgi da tirela, ka loda kular abinci da ƙugiyoyin kamun kifi da rigunan ceto, ka ɗaura igiya a goshin jirgin, ka saka makulli, ka duba batir da mai, ka ɗaga ƙafar injin sama don kada farfela ta daki siminti. Abu biyu ne kawai ba a kwancewa a nan: igiyar naɗi da ke riƙe da goshin jirgin, da sarƙar da ke kusa da ita. In ka kwance su tun a sama, musamman in tirelarka mai 'yan tayoyin gungura ce, jirgin zai iya sulɓewa ya faɗi a kan siminti tun bai ga ruwa ba.

Sai matoshi. A ƙasan bayan yawancin jirage akwai ƙaramin rami da ruwa ke fita, da abin toshe shi wanda bai fi babban yatsa ba. A Minnesota doka ce ka cire shi duk lokacin da kake jan jirgi a kan titi, wato kullum za ka iso bakin tafki ramin a buɗe. Wannan ne ya sa mantuwar mayar da shi ta zama ruwan dare, har ga waɗanda suka shekara talatin a harkar. Jirgi zai sauka lafiya ƙalau, ka tafi ajiye mota, ka dawo ka tarar da ruwa ya kai idon sawu. Wasu suna rataye matoshin a jikin makullin jirgi, wasu a sitiyari, yadda ba za su iya tayar da inji ba sai sun taɓa shi. Dabara ce mai kyau, ka ɗauka.

A wurin shirin nan ne kuma za ka iya haɗuwa da mai duba jirage, sanye da rigar aiki, riƙe da waya ko allon rubutu. Kada gabanka ya faɗi, ba ruwansa da takardun zama. Zai tambaye ka tafkin da jirgin ya shiga na ƙarshe da kuma yaushe, ya leƙa ƙarƙashin tirela, ya shafa jikin jirgin da hannu. Ciyawar ruwa yake nema da wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ake kira zebra mussel, waɗanda yawanci ba su fi farce girma ba. Sun shigo manyan tafkunan Amurka ne a ƙarshen shekarun 1980 cikin ruwan da manyan jiragen dakon kaya ke zubarwa, kuma inda suka sauka sukan toshe bututu, su lulluɓe duwatsu, su yanke ƙafar masu wanka. 'Ya'yansu ba sa ganuwa da ido, ruwan da ya kwanta a gindin jirgi ya isa ya kai su wani tafkin. Wata ciyawa kuma, Eurasian watermilfoil, a Minnetonka aka fara ganin ta a jihar a 1987, yanzu ta bazu a ɗaruruwan wurare. Wanda ya ƙi a duba jirginsa za a iya hana shi sauka, wanda aka kama da ciyawa a tirela kuma tara ce. Ka amsa tambayoyin, minti biyu ne.

Ribas da tirela shi ne abin da ke sa manya gumi. Ka juya sitiyari dama, tirela ta nufi hagu, ka yi saurin gyarawa, ta lanƙwashe ta zo gefen mota. Maganin ba a bakin tafki yake ba. Ka nemi filin ajiye motoci na makaranta ko wata ma'aikata ranar da babu kowa, ka jera jarkoki biyu a matsayin gefen gangare, ka yi ta shiga tsakaninsu da baya har hannunka ya faɗa. Ka ɗora hannu ɗaya a ƙasan sitiyari: inda hannun ya nufa, nan bayan tirela zai nufa. Juyi kaɗan-kaɗan, tafiya kamar ta hawainiya, ido a madubin gefe. In ta fara karkacewa kada ka yi kokawa da ita, ka ja gaba mita biyu ta miƙe, ka sake. Ba wanda zai ga laifinka don ka ja gaba sau biyu. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne wanda ya tare layi biyu da mota ɗaya.

Fitarka ta farko kuma, don Allah, kada ta zama ranar buɗe kamun kifi, wato wata Asabar a watan Mayu da dubban ɗaruruwan mutanen jihar ke kwana da shiri, ko ranar 4 ga Yuli ta bikin 'yancin kan Amurka. Ka zaɓi Talata da hantsi a ƙaramin tafki.

Aikin mutum biyu ya fi sauƙi. Ɗaya a mota, ɗaya a ƙasa riƙe da igiya, a tsaye inda direba ke ganin sa a madubi, ba a bayan tirela ba. Ku sauke gilasai don ku ji juna, ku kuma yi magana gajera.

"Yaya, kaɗan hagu. Miƙe. Zo, zo. Tsaya!"

"Ya taso?"

"Bayan ya taso. Ja birkin hannu."

Iyakar abin ke nan. Za ka ja baya har bayan jirgin ya fara iyo, ba tare da tayoyin motarka na baya ko salansa sun nutse ba. Ka sa giyar fakin, ka ja birkin hannu sosai, sannan ka fito. Kowace shekara ana ciro motoci daga tafki saboda wannan birkin. Ka kula da ƙafarka, simintin da ke cikin ruwa gansakuka ce a kansa, santsi kamar me, silifas ba ya riƙe shi. Yanzu ne za ka kwance sarƙa da igiyar naɗi, ka tura jirgin, na ƙasa ya ja shi da igiya zuwa can ƙarshen gadar katako da ake ɗaure jirage a jikinta, gefen da ba ya kallon gangare. Injin ba a tayar da shi sai ƙafarsa tana cikin ruwa, domin da ruwan tafkin yake sanyaya kansa, kuma ƙaramar robar da ke jawo ruwan tana ƙonewa cikin ɗan lokaci in ta juya a bushe. Kai kuma ka ja motarka ka bar wurin nan take.

Akwai wani hali namu mai kyau da ba ya aiki a nan. Ka hango ɗan'uwa Bahaushe a gangaren gefe, mutumin da rabonka da shi tun sallar idi, ga gaisuwa ta taso: ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, ya mutanen gida. Ɗaga masa hannu ka ce "Alhaji, ina zuwa, bari in ajiye mota." Gaisuwar tana nan tana jiran ku a filin fakin ko a tsakiyar ruwa. Haka ɗaukar hoto, haka shafa wa yara man rana, haka jiran wanda ya tafi bayi. Mutanen Minnesota ba su cika faɗa maka a fuska ba. Za su tsaya da hannu a aljihu, su yi ɗan murmushi, wani ma ya tambaye ka ko kana bukatar taimako. Wani lokacin taimakon ne da gaske, kuma ka karɓa, sun iya. Wani lokacin kuma ma'anarsa ka daɗe.

A filin fakin akwai dogayen gurabe na mota mai tirela. In iyali sun biyo ka a wata motar, kada su shiga nan, su nemi gurbin ƙananan motoci. Gurbin tirela ɗaya da aka tare yana nufin wani ya ja jirginsa ya koma gida. In da asuba ka zo, ka kashe manyan fitilu kana kan gangare ka bar ƙanana, don haskenka yana kashe idon wanda ke ribas a gefenka.

Rigar ceto ba na son in wuce ta da sauri. Doka ta ce kowane mutum a cikin jirgi ya kasance da tasa daidai jikinsa, yaro ƙasa da shekara 10 kuma dole ya sa ta muddin jirgi na tafiya, jirgi mai tsawon ƙafa 16 ko fiye kuma sai da ƙarin abin ceto na jefawa. Wannan doka ce. Shawarata ta wuce nan: kowa ya sa, babba da yaro, tun daga kan gadar katako. Da yawanmu ba mu tashi a bakin kogi ba, ba mu iya iyo ba, kuma ba mu manta da kifewar jiragen ruwa a Warrah ta jihar Kebbi da Bagwai ta Kano a 2021 ba. Wanda ya iya iyon ma, ruwan da ya saba da shi a Argungu ko Tiga ba shi ne wannan ba. A watan Mayu rana tana iya yin zafi alhali ruwan bai daɗe da rabuwa da ƙanƙara ba. Mutum na faɗawa sanyin yake fizge masa numfashi, ya shaƙi ruwa ba da son ransa ba, cikin 'yan mintoci hannu ya daina riƙo. Doguwar riga da babban mayafi kuma in suka jiƙe nauyi suke yi, suna kuma kama ƙugiya da mariƙin naɗi. A sa kaya marasa yalwa, hijabi a cusa shi cikin rigar ceto.

Takardu ba su da yawa. Jirgi mai inji sai da rajistar DNR, ana sabunta ta duk shekara uku, lambar kuma a manne a goshinsa. Tun 1 ga Yulin 2025 jihar ta fara neman izinin tuƙin jirgi, an fara da matasa, ana faɗaɗawa shekara-shekara, zuwa 2028 zai haɗa da duk wanda aka haifa bayan 30 ga Yunin 1987. Darasi ne da jarrabawa a intanet. In kamun kifi za ka yi, wannan lasisinsa daban.

Dawowa ita ce inda rigima ta fi tashi, domin kowa ya gaji. Ka'idar da sababbi ba su sani ba ita ce layin na motoci ne, ba na jirage ba. Ko kai ka fara isowa bakin gada, wanda tirelarsa ta riga taka shiga layi shi ne a gaba. Saboda haka ka sauke direbanka a gada ya tafi ɗauko mota, kai ka ja jirgin baya ka yi ta shawagi a hankali nesa da bakin gangare har ka ga tirelarku ta sauko. In kai kaɗai ne, ka ɗaure a ƙarshen gada ka yi sauri. Kusa da gaɓa tafiya a hankali ake yi, ba a tayar da igiyar ruwa, don tana buga jiragen mutane da katako.

Kada ka nutsar da tirela da yawa, in ta yi zurfi jirgin yawo zai yi a kanta ya ƙi zama daidai. Za ka ga wasu suna taka inji da ƙarfi don su hau tirela. Kada ka koya. Farfela tana haƙe ƙasar da ke ƙarshen simintin ta bar rami, ta tara tudu a bayansa, gobe tayar tirelar wani ta faɗa ciki. Ka kawo jirgin a hankali, ka maƙala igiyar naɗi, ka naɗe da hannu har goshin ya zauna, ka sa sarƙa, ka kashe inji ka ɗaga ƙafarsa, ka ja sama.

Sauran aikin a gefe za ka yi shi, can inda ba ka tare kowa ba. Ka cire matoshi ruwa ya tsiyaye, ka zubar da na akwatin ajiye kifi, ka sauke ƙafar inji ta zubar da nata sannan ka mayar. Ka durƙusa ka tsince duk wata ciyawa a gatari da fitilu da farfela. Ragowar tsutsa ko ƙananan kifin tarko a kwandon shara ake zubawa, ba a tafki ba. In wani tafkin za ka shiga nan gaba, ka bar jirgin ya bushe kwana biyar ko ka wanke shi da ruwan zafi, wasu wuraren ma akwai masu wankewa kyauta. Sannan ka ɗaure ɗamarun baya, ka duba mahaɗin tirela da mota, ka sa wani ya tsaya a baya ya ga ko fitilun birki da sigina suna kamawa kafin ka hau titi.